Kundin aiki: tankin fetur na alminiyam da ya fara yoyo a jirgin faiba

Jirgin na faiba ne, tsawonsa mita 7 da rabi, da injin Yamaha mai doki 75 a bayansa. Ya yi shekarunsa na farko a ruwan gishirin Legas kafin a kawo shi Yawuri, inda yake jigilar mutane da kaya a saman tafkin Kainji. Tankin binne yake a ƙarƙashin daɓen jirgi: tsawo santimita 150, faɗi 60, zurfi 25, kaurin faranti milimita 3, yana cin kimanin lita 220.

Litinin, 13 ga Janairu, 2025

Ƙorafin da aka kawo guda biyu ne: warin fetur duk lokacin da aka ɗaga murfin gindin jirgi, da wani maiƙo mai launin bakan gizo a saman ruwan da ake kwarfewa. Ruwa ba ya tsami banza, amma ba a fara da zargin tanki ba, don sau da yawa tsohon tiyo ne ya tsage ko gaskit ɗin gejin mai ya bushe.

Kafin a taɓa ko da sifana, an buɗe duk murafe an bar iska ta ratsa na awa biyu, sannan aka cire batir aka fitar da shi tudu. Tururin fetur ya fi iska nauyi sau uku zuwa huɗu, don haka ba ya tashi sama, a gindin jirgi yake kwanciya kamar ruwa. Idan ya kai kashi 1.4 cikin ɗari na iskar wurin, ƙyastu ɗaya ya isa. An zuƙe lita 140 da famfon hannu zuwa durom na ƙarfe, da waya a haɗe tsakanin bakin tanki da durom saboda lantarkin gogayya. Lita ukun ƙarshe an zuba su a kwalaben gilashi an ajiye. Bayan rabin awa, kowace kwalba ta nuna ruwa a ƙasa, kaurin yatsa biyu, da wani farin laka kamar kunun da ya kwana.

Talata, 14 ga Janairu

Gwajin matsi, tankin yana nan inda yake. An toshe bakin zuba mai da bututun da ke kai wa inji, aka haɗa famfon keke da tiyo mai garai-garai a bututun shan iska. Tiyon an lanƙwasa shi kamar harafin U, an ɗaure shi a jikin katako, an zuba masa ruwa. Tazarar da ke tsakanin ruwan ɓangarori biyu ita ce ma'aunin: mita 2.1 daidai take da psi 3, wanda shi ne matsin da dokar Amurka ta gindaya wa tankunan ƙananan jiragen ruwa. Gejin taya ba ya wannan aikin, alluransa ba ta ma motsi a psi 3. Kwamfireso kuwa haram ne a nan. Saman wannan tankin murabba'in mita 0.9 ne, psi 3 kaɗai na nufin ƙarfin da ya kusa tan biyu yana tura shi daga ciki. A psi 10 ya haura tan shida, tanki ya kumbura kamar burodi, waldar shingayen ciki masu hana mai kai-komo ta tsinke.

Tunda tsoho ne, an tsaya a mita ɗaya. Cikin minti 20 ruwan ya sauka zuwa santimita 30. An shafa ruwan sabulu a kowane baki da kewayen gejin mai, babu kumfa ko ɗaya. Ramin yana inda ido ba ya kaiwa ke nan, sai an fito da tankin.

Alhamis, 16 ga Janairu

Masu ƙera jirgin ba su bar ƙofa ba, faiba suka malala a kan tankin. An shata layi santimita 5 daga gefensa aka yanka da zarton hannu. Giranda ba ta shigo jirgin ba.

Da aka ɗaga daɓen sai ga kumfar foliyuretan da aka zuba ta cika kewayen tankin ta daskare. Samanta a bushe, har ta ruɗi ido. Can ƙasa kuwa, idan aka danna ta da babban yatsa ruwa ne ke tsatsafowa, baƙi, mai warin fetur da ruɓaɓɓen kifi. An yanke ta da doguwar wuƙa da zarto gefe-gefe, aka gitta gungumen katako a kan bakin jirgi, aka ɗaga tankin da jak ta igiyoyin da aka zura ƙarƙashinsa. Ba a sa ƙarfe an ɓanɓare shi ba, don ƙarfen kan huda gefen da yake lafiya lau.

Asabar, 18 ga Janairu

Yau aka wanke bayan tankin aka ga gaskiyar lamarin. Sama da gefuna, daga santimita 4 zuwa sama, kusan kamar sabbi suke. Ƙasan kuwa ya yi zanzana. An ƙirga ramuka 63 masu zurfi fiye da milimita ɗaya, uku daga cikinsu sun huda har ciki. Abin da ke ruɗar mutane shi ne bakin ramin ƙarami ne, bai fi kan allura ba, an lulluɓe shi da farin gari mai kama da alli. Sai an sa tsinken ƙarfe an tona a ga cikinsa ya buɗe kamar tulu. Ɗaya da aka zata tabo ne kawai, tsinken ya nutse a cikinsa milimita 2.6, saura ƙiris ya leƙa.

Dalilin yana buƙatar bayani, don a kansa sauran aikin zai tsaya. Alminiyam yana da wata fata siririya da yake yi wa kansa da zarar iskar oksijin ta taɓa shi. Idan aka karce ta, nan take take sake ɗinkewa. Shi ya sa ruwan sama ko ruwan da ke gudu ya wuce ba ya yi masa komai. Ruwan da ya maƙale ne matsala, wanda ya kwana ya wuni tsakanin kumfa da faranti inda iska ba ta shiga. Oksijin ɗin da ke cikinsa yakan ƙare, fatar ta kasa gyara kanta, gishiri ya samu ƙofa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Da rami ya fara, ruwan cikinsa ya koma tsami, tsamin ya jawo ƙarin gishiri, ramin ya riƙa cin kansa yana nutsewa maimakon ya yi faɗi.

Za a ce ai ruwan Kainji ba na gishiri ba ne. Haka ne, amma kumfar ta sha gishirin Legas ta riƙe, ba wanda ya taɓa ɗauraye ta. Ga kuma buhunan gishiri da na takin NPK da jirgin ke ɗauka ranar kasuwa. Takin na ɗauke da gishirin fotash, duk abin da ya zube a daɓe ruwa ne ke wanke shi zuwa gindi.

An samu wasu abubuwa uku da suka ƙara wa wutar fetur. Na farko, wani ya taɓa cusa yankakken tsohon tib na mota a ƙarƙashin tankin ta gaba don ya daina ƙara. Baƙar roba cike take da garin kabon, kabon kuma idan ya haɗu da alminiyam cikin danshi ƙaramin batir ake samu, alminiyam ne ke narkewa. Sawun robar ya fito sak a jikin farantin, layi biyu, kuma biyu daga cikin hudojin uku a kan layin suke. Na biyu, gwiwar bututun mai ta tagulla ce, an murɗa ta kai tsaye a cikin alminiyam, zaren ya cinye ya zama gari. Na uku ƙarami ne amma ya fi koyarwa: wani guntun silin wayar tagulla, bai kai tsawon farce ba, da mai gyaran wuta ya yanke ya bari ya faɗa saman tankin. Da aka ɗauke shi, ƙarƙashinsa akwai kwari mai siffarsa daidai, har lanƙwasar.

Litinin, 20 ga Janairu

Shawara. Hanyoyi huɗu ne a gaba. Liƙe hudojin da ƙullin ifoksi: zai riƙe na ɗan lokaci, sauran ramuka sittin na nan suna jiran layi, an gudu ba a tsira ba. Zuba ruwan rufi a ciki a jujjuya: ba ya kama jikin da ba a goge ba, shingayen ciki kuma ba sa bari a goge, idan ya ɓare filta zai toshe a tsakiyar ruwa. Cike ramukan da walda ɗaya bayan ɗaya: cikin kowane rami akwai gishiri da dattin mai da ba sa fita, waldar sai ta yi ta tsartuwa tana barin ƙofofi. Wannan shi ne gyaran gangar Auzinawa. Saura a yanke ƙasan baki ɗaya a sa sabo, ko a ƙera sabon tanki.

Ƙa'idar da aka bi: duk inda rami ya ci fiye da sulusin kaurin faranti, wurin ya tafi. Da a ce irin waɗannan ramuka sun hau gefuna ko sama, da sabon tanki za a yi ba gardama. Tunda sun tsaya ƙasa da layin santimita 4, za a yanke a nan. An aika Legas a kawo farantin 5052-H32 mai kaurin milimita 4, da sharaɗin lambar ta fito a buge a jikinsa. Alminiyam ba iri ɗaya ba ne. Na tagogi daban, na tukwane da ake narkawa daban, akwai kuma mai gaurayen tagulla wanda ruwa ke cinyewa da wuri. Na ruwa su ne masu maganiziyam: 5052, 5083 da 5086.

Laraba, 22 ga Janairu

Fitar da tururi. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, don cikakke ba shi da iskar da wuta za ta ci. An wanke cikin sau uku da ruwan zafi da sabulun ruwa na wanke-wanke, ana jijjigawa ana juyewa. Soda mai ƙuna, wadda ake haɗa sabulu da ita, ba ta kusanci wurin ba: tana cin alminiyam kamar gara, tana kuma fitar da iskar haidurojin mai kama wuta. Dabarar nan ta zura tiyon salansar mota a tanki ita ma an ƙi ta. Hayaƙin inji ba shi da tabbas, wani lokaci da ɗanyen mai yake fitowa.

Bayan kwana biyu a rana da duk bakuna a buɗe, na'urar auna tururi ta nuna sifili. Ba a yarda ba. An toshe bakunan an bar shi awa ɗaya a rana, aka sake aunawa, sai ga ta ta motsa. Man da ya ɓuya a tsagar waldar shingaye ne zafi ya fito da shi. An ƙara wanki biyu.

Asabar, 25 ga Janairu

Sifili, a buɗe da kuma a toshe. An kife tankin, an cika shi da ruwa har dab da layin yanka, aka zagaye da zarton hannu. Ƙasan bai ɗago ba, don shingaye biyu na ciki a walde suke da shi, sai da aka yanka shi fanni uku aka datse ragowar.

Cikin ma bai tsira ba. A kusurwar baya, inda ruwa ke taruwa ƙarƙashin mai, akwai zanzana mai faɗin tafin hannu. Fetur ya fi ruwa sauƙi, lita ɗaya kimanin giram 740, don haka duk ruwan da ya shigo ƙasa yake tafiya ya zauna, bututun zuƙo mai kuma ba ya kaiwa can. Man jarka da na durom da ake saye a bakin ruwa shi ne babbar hanyar shigarsa, sai robar murfin zuba mai da ta tsattsage. Man da aka gauraya da barasar itanol ko mitanol ya fi muni, don yana shan ruwa, idan ya ƙoshi ya rabu gida biyu, na ƙasan ya fi tsurar ruwa cin alminiyam. Masu motoci ba su manta da fetur mai yawan mitanol da ya shigo Najeriya a Fabrairun 2022 ba.

Laraba, 29 ga Janairu, Kaduna

Faranti ya iso, an kawo tankin wurin mai walda da iskar argon. Waldar lantarki ta ƙofofi da ta kabaid ba sa wannan aikin.

Sabon ƙasan an lanƙwasa shi kamar tire, bakinsa ya tashi santimita 3 maimakon 4 da aka yanke. Da gangan ne: tankin zai hau kan mazauni mai kaurin milimita 6, kuma ana son sarari tsakaninsa da daɓe. Santimita ɗayan nan ya ci lita 9. Lanƙwasar ba a yi ta da kaifi ba, an ba ta zagaye na milimita 8 don kada bayan farantin ya tsattsage. Kusurwoyi huɗu an walde su ciki da waje tun tiren yana buɗe.

Shingayen su ne wahalar, don idan an rufe ba hannun da zai shiga. An walda musu alminiyam mai kusurwa, 25 da 25, a gefen ƙasa, aka huda ramuka biyar-biyar masu faɗin milimita 12 a sabon farantin daidai kansu, don a cike su da walda daga waje. An kuma datse kusurwoyin shingayen na ƙasa domin mai da ruwa su riƙa gangarawa baya. Tun yanzu aka walda kunnuwa shida a saman tankin na ɗaure shi da noti. An yanke tsohon mazaunin gwiwar da tagulla ta cinye aka sa sabo.

Tsafta ita ce rabin waldar alminiyam. A goge da asiton tukuna, sannan buroshin sitenles da bai taɓa taɓa baƙin ƙarfe ba. Idan aka juya jerin, buroshin ne zai tura maiƙo cikin ƙarfen. Fatar nan da ke kare alminiyam ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, alhali shi kansa a wajen 650 yake narkewa, shi ya sa ake sa injin TIG, wato na waldar argon, a AC, wutar da ke juyawa gaba da baya, rabin zagayen wutar na fasa fatar, rabin na narkarwa. Sanda 5356 mai kaurin milimita 2.4, amfiya tsakanin 130 da 150, argon lita 9 a minti, da wani siririn tiyon argon a cikin tanki. An ɗiga walda kowane santimita 8 a kewaye, sannan ana yin taki ɗaya a wannan gefe a tsallaka ɗaya gefen, don kada zafi ya murɗe tankin. Baki da baki aka haɗa. Da an ɗora wani kan wani, da an ƙera sabon lungun da ruwa zai maƙale a ciki.

Alhamis, 30 ga Janairu

Gwaji ya faɗi. A mita 2.1, ruwan sabulu ya nuna kumfa ƙanana a biyu daga cikin ramuka goma na shingaye, irin kumfar da sai an tsuguna an zuba ido minti guda kafin a gan ta. Dalili: ba a matse farantin ya kwanta a kan kusurwar sosai ba, iska da datti suka shiga narkakken ƙarfen ta ƙasa. Ba a ɗora walda a kai ba, ƙofar tana nan a ƙarƙashi ko an rufe ta. An ƙwaƙule su da haƙorin cin ƙarfe na kabaid har ƙarfe mai tsabta ya fito, aka sake. Dutsen giranda na baƙin ƙarfe ba ya shiga nan, yana barin ɓurɓushi.

Asabar, 1 ga Fabrairu

Gwaji na biyu. Da hantsi aka hura, zuwa azahar ruwan ya hau da kansa, da yamma ya sauka ƙasa da inda aka fara, har aka fara zargin waldar. Zafi ne. Kowane digiri ɗaya na sauya ma'aunin da kusan santimita 4, ranar hunturu kuma tazarar safiya da rana ba kaɗan ba ce. An mayar da tankin cikin ɗaki, an bar shi awa biyu ya daidaita, aka sa alama da ƙarfe bakwai na yamma tare da rubuta zafin ɗakin. Washegari da zafin ya dawo daidai wurin, ruwan yana kan alamarsa. Sabulu ma bai nuna komai ba.

An kama wani kuskure kafin ya yi ɓarna: bututun zuƙo mai na nan da tsohon tsawonsa, yanzu yana dungurar sabon ƙasan. Da an bar shi, ko ya toshe kansa ko girgiza ta sa ya ci farantin. An rage shi ya tsaya milimita 12 sama da ƙasa, an yanke bakin a karkace. Hannun fulot na gejin mai shi ma an daidaita shi.

Talata, 4 ga Fabrairu, Yawuri

Fenti. Sai bayan gwaji ake yin sa, don fenti na iya rufe ƙaramar huda na wata biyu ya yaudari kowa. An wanke maiƙo, an goge da sabuwar samfefa mai lamba 80 har ko'ina ya yi fari-fat ba sheƙi, an shafa ruwan tsami na fosforik da aka yi don alminiyam, an ɗauraye. Alamar tsabta ita ce ruwa ya kwanta shimfiɗe a jiki. Inda ya dunƙule ɗigo-ɗigo akwai sauran maiƙo, a koma. Da bushewa aka sa fentin farko na ifoksi, cikin awa biyu, don fatar na dawowa kuma fenti ba ya kama ta da kyau. Jan fentin da ake shafa wa ƙofofin ƙarfe ba na nan ba ne. Fentin gindin jirgi mai hana gansakuka kuwa tagulla ce a cikinsa, guba ne ga alminiyam.

A kai za a sa ifoksi mai kwalta shafi biyu, kowane kimanin maikiron 200, wato kashi ɗaya cikin biyar na milimita, idan ya bushe. Jikin tankin duka bai kai murabba'in mita 3 ba, lita 2 ta isa har da asara. An rufe zaren bakuna, da mazaunin gaskit, da kunne ɗaya na wayar ƙasa (mai kwashe lantarkin gogayya) da tef.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Hazo ya taso da dare, shafin farko ya kwashi ƙura ya zama kamar samfefa. An bar shi ya ƙara tauri, an goge da lamba 120, an share. An kewaye rumfar da leda, an yayyafa ruwa a ƙasa, aka sa shafi na biyu da ƙarfe goma sha ɗaya, bayan sanyin safiya ya sake ƙarfen. A bakin ruwa raɓa na iya kwanciya a kan faranti ko da ido bai gan ta ba, ƙa'idar masu fenti ita ce jikin ya fi zafin saukar raɓa da digiri 3. An ƙara shafi da buroshi a kan layukan walda da kusurwoyi, inda fenti ke sirancewa.

Asabar, 8 ga Fabrairu

Ramin da tankin ke zama a jirgi. An kankare ragowar kumfar, an wanke da ruwa mai yawa sau uku saboda gishiri. Kumfa ba za ta koma ba. Dokar Amurka ma da ta yarda a lulluɓe tankin alminiyam da ita, ta sa sharaɗin kada ruwa ya samu wurin taruwa tsakaninta da jikin tankin, kuma kumfar da ta yi shekaru tana shan dukan igiyar ruwa ba ta cika wannan sharaɗin. Ramin ba shi da mafitar ruwa ko ɗaya, kwano ne kawai. An huda biyu masu faɗin milimita 25 a bangon baya, a can ƙasa, an zura guntun fayif na PVC an liƙe kewayensa da ifoksi don kada katakon cikin bangon ya sha ruwa. An zuba bokiti ɗaya a gaba, ya gangare ya fita, ya bar ɗan tafki a tsakiya. An cike wurin, an sake gwadawa.

Litinin, 10 ga Fabrairu

Mazauni. An yanka sandunan faiba masu kaurin milimita 6, faɗin santimita 5, za a jera su a gicciye kowane santimita 30, layi shida. Kowane layi an raba shi biyu an bar tazarar santimita 5 a tsakiya, in ba haka ba su da kansu za su zama madatsar ruwa. Katako ba ya yi, yana shan ruwa, wanda aka yi wa maganin gara kuma sau da yawa tagulla ce a maganin. Farar robar folitilin ba ta shan ruwa amma gam ba ya kama ta.

An manna su a jikin tankin da gam ɗin 3M 5200. Abin lura a nan shi ne gam ɗin ya cika fuskar sandar kaf, har ya ɓullo ta kowane gefe a shafe shi da yatsa. Idan aka yi masa layi-layi kamar man goge baki, kowane gurbi da ya rage sabon ɗakin ruwa ne, an dawo gidan jiya. Wannan gam da danshin iska yake bushewa, kwana bakwai a yanayi mai kyau. A busasshiyar iskar hunturu zai fi haka, don haka an rataya jiƙaƙƙun buhuna a cikin rumfar.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Gam ya kama, farce ba ya shiga. An saukar da tankin. Akwai sararin yatsa ɗaya a kowane gefe, santimita 2 a sama. Cike da mai zai kai kilo 185, nauyin da idan ya samu wurin motsi zai goge fenti cikin mako guda, don haka kunnuwa shida duk an ɗaure su da notin sitenles 316, da woshar nailan da man hana cin ƙarfe a tsakani. Saman ya ɗan karkata baya, ruwan da aka zuba bai tsaya ba.

Gwiwar tagulla ta koma, amma da mahaɗin sitenles tsakaninta da alminiyam. An shafa wa zaren man toshi mai jure fetur. Farin tef na masu famfo yana yagewa ya tafi kafireto. Sabon tiyon inji mai tambarin A1, na zuba mai milimita 38 da maɗauri biyu-biyu a kowane baki, na shan iska milimita 16 an ɗaga shi ya yi baka kafin ya sauka bakinsa don kada feshin ruwa ya gangaro. A tsohon bakin shan iskar an tarar zanzaro ya yi gini ya toshe rabinsa, sabon yana da ragar sitenles. Wayar ƙasa daga bakin zuba mai zuwa tanki zuwa inji, an auna tirjiyarta ga wutar lantarki ba ta kai om ɗaya ba. An sa filta mai raba ruwa da mai, maikiron 10, a inda hannu ke kaiwa. Daga nan aka maimaita gwajin mita 2.1 da komai a haɗe. Gaskit ɗin geji ya yi kumfa ta gefe ɗaya, an sassauta sukurori biyar ɗin an sake ɗaure su a tsallake, ya tsaya.

Kafin a rufe, an share saman tankin da ramin da hannu, ana neman guntun waya ko sukuru.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Daɓen da aka yanke an mayar da shi murfi mai sukurori a kan gaskit, da ƙananan ƙofofin leƙe biyu, ɗaya kan geji ɗaya kan gwiwa. An zuba lita 20 ta mazurari mai tace ruwa, an bar shi ya kwana. Ba wari. An cika, ya ci lita 208 gaba ɗaya. An yi tafiyar awa biyu, rabinta a cikin igiyar ruwa ta yamma, aka dawo aka zura hannu da tsumma fari ta ƙofar leƙe. A bushe. Noti ɗaya na kunnen gaba ya ɗan saki, an ƙara masa.

An bar wa matuƙin sanda da man gano ruwa, wanda ake shafawa a bakin sanda a zura har ƙasa, idan ya taɓa ruwa ya koma ja. Zai gwada duk ranar Juma'a da jirgi ba ya fita, ya kuma zubar da kofin filta. Buhunan taki da gishiri daga yanzu a kan tamfol, a ɗauraye daɓe da gindi bayan kowace kasuwa.

Ba a gama ba. Famfon kwashe ruwa na gindi bai iso ba, har yanzu da garwa ake kwarfa, kuma garwa ba ta kai santimita ukun ƙarshe. Ramukan mafitar ruwa ma ba a ga halinsu da kaya a jirgi ba, don idan nauyi ya koma gaba gangaren na iya juyawa. Za a ɗaga murfin bayan ruwan sama na uku na damina, a zura madubi da tocila ƙarƙashin tankin, a duba gefen kowace sandar faiba. Idan an ga ruwa a tsaye ta gaba, za a huda mafita ta uku a bangon can.